Neman shawara: yadda zan koya wa yara labarin Waliyyi Jirjis

Mai tambaya: Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana. Ni malamar makarantar Lahadi ce. Makon jiya na nuna wa yara hoton Waliyyi Jirjis, wanda Turawa suke kira George, yana kan farin doki ya soke dodo da mashi. Wata yarinya 'yar shekara tara ta ɗaga hannu ta ce wannan ai Bayajida ne da macijin rijiyar Kusugu, sannan ta tambaye ni ko da gaske abin ya faru. Na rasa ta cewa, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba, domin ba na so in ba su tatsuniya da sunan tarihin ikkilisiya.

Wani malamin tauhidi: Malama, tambayar yarinyar nan tana kan hanya. Abin da magabata suka riƙe shi ne Jirjis soja ne a rundunar Rum, wanda ya ƙi yin hadaya ga gumaka lokacin da Sarki Diyokletiyan ya fara tsananta wa Kirista a shekarar 303, aka fille masa kai saboda haka. Ana tunawa da shi ranar 23 ga Afrilu, kuma tun ƙarni na 6 masu ziyara suke zuwa kabarinsa a Lidda, garin nan da Bitrus ya warkar da Iniyasu a Ayyukan Manzanni sura 9. Labarin dodo kuwa sai wajen ƙarni na 11 ya bayyana a rubuce, wato shekaru kusan 700 bayan rasuwarsa. Ina ganin ki fara da sojan da ya tsaya gaban hukuma ya ƙi musun Ubangijinsa.

Wata dattijuwa: 'Yata, na yarda da Malam, amma kada ki jefar da dodon. A labarin, mutanen wani gari suna ba shi tumaki biyu kullum, da tumaki suka ƙare aka koma jefa ƙuri'a a kan 'ya'yansu, har ta faɗa kan 'yar sarki. Yaran da suka ji wannan ba sa mantawa. Ki gaya musu a fili cewa labari ne da masu bi na baya suka ƙaga don girmama jarumtakar Jirjis.

Mai tambaya: Na gode, Malam, na gode, Mama. Lahadi mai zuwa zan buɗe musu Ayyukan Manzanni mu nemi Lidda tare, sannan in fito da hoton.