Neman kalma: me za mu kira "fair lending" da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. A Amurka hukumomi irin su FDIC da OCC kan binciki bankuna kan abin da suke kira "fair lending", kuma sukan sassauta wa ƙananan bankunan da suka ɗauka "low-risk". Na rubuta "bashin adalci" da "banki marar haɗari". Ku gyara mini.

Lauya: Wa alaikumus salam, Malam. "Bashin adalci" zai kai mai karatu wani waje, zai ɗauka bashi ne marar ruwa. Alhali ECOA, dokar Amurka ta 1974 kan ba kowa dama daidai wajen neman bashi, ba ta hana kuɗin ruwa ba. Abin da ta hana shi ne a bambanta masu nema saboda launin fata, addini, asali, jinsi, aure ko rashinsa, shekaru, ko don mutum yana karɓar tallafin gwamnati. Banki zai iya tsawwala wa kowa, muddin tsawwalawar ta zama bai ɗaya. Ni "rashin wariya" nake gani.

Malama: Kuma a bar "bashi". Wanda banki ke bayarwa, 'yan jarida sun saba ce masa lamuni. Rance ya fi kama da na maƙwabta, mudu biyu a mayar da mudu biyu.

Akanta: Aikin da kansa ya goyi bayan Barista. Mai bincike kan fara da zaɓen inda zai tona, misali lamunin gida. Sai ya ɗauko fayilolin waɗanda aka hana alhali saura kaɗan su cancanta daga rukunin da ake jin an ware, ya jera su da na waɗanda aka ba da ƙyar daga ɗaya rukunin. Ya duba albashi, nauyin bashin da ke kan mutum, tarihin biyansa. In an hana mace mai takardu masu kyau, aka ba namijin da bai kai ta ba, dole banki ya kawo dalili a rubuce. Shi ya sa ake tilasta ajiye takardun masu nema wata 25. Inda ƙananan bankuna suka fi faɗawa shi ne barin ma'aikaci ya ƙayyade kuɗin ruwa da ganin damarsa, da kuma cewa sai mata ko miji ya sa hannu alhali mai nema shi kaɗai ya cika sharuɗɗa. In abin ya zama ɗabi'a, sai a miƙa batun ga Ma'aikatar Shari'a.

Lauya: To kun ga "marar haɗari" ma bai yi ba, don za a zaci bankin da ba zai durƙushe ba ne. Ana nufin wanda alamun wariya suka yi ƙaranci gare shi: ƙa'idoji a rubuce, farashi tsayayye, babu koke. Irinsa ake taƙaita wa duba fayil.

Malama: Haka nan ƙananan bankunan da a Amurka ake kira "community bank", kar a ce musu "bankin al'umma". A Najeriya sunan zai tuna wa mutane waɗanda aka mayar maikurofainans, na can kuwa wani yana da kadarar biliyoyin dala.

Mai fassara: Na gode. Na ɗauki "lamuni ba wariya", aikin kuma "binciken wariya a lamuni", bankin "bankin yanki mai ƙarancin alamun wariya". Na ƙarshen ya yi wa kanun labari tsawo, Yallabai Akanta, ko da gajere?