Neman shawara: Wa zai saurari ƙorafi idan da shugaba ake kuka?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina cikin masu taimakawa wajen gina wata buɗaɗɗiyar manhaja (wadda kowa zai iya ganin lambobinta ya kuma turo gyara) a GitHub, dandalin da masu rubuta manhaja ke haɗa aiki. Wanda ya kafa ta shi kaɗai ke da ikon karɓar gyara, kuma imel ɗin da aka ware domin ƙorafi akwatinsa yake shiga. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta turo gyara, ya rufe shi da zafafan kalamai a bainar jama'a, tun ranar ba ta sake turo ko layi ɗaya ba. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, amma ba na so a watse, domin ya yi wa aikin hidima ƙwarai. Ina mafita?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, ɗan uwa. Matsalarku ta tsari ce kafin ta zama ta hali, domin ba a kai wa mutum ƙarar kansa. A watan Nuwamba na 2021, kwamitin da ke kula da ladabin mu'amala a aikin Rust, wani harshen rubuta manhaja, ya yi murabus baki ɗaya, bisa hujjar cewa manyan jagororin aikin ba sa ƙarƙashin hukuncin kowa sai na kansu, har daga baya aka sauya tsarin shugabancin da sabuwar majalisa a 2023. Ku zaɓi mutum uku masu karɓar ƙorafi a asirce, ku rubuta ƙarara cewa dokar mu'amala ta hau kan kowa har da shugaba, kuma duk wanda aka kawo kukansa ya janye daga zaman.

Amsa ta biyu: Na yarda, sai dai ina jan hankali kada a mayar da shi abokin gaba. Sau da yawa gajiya ce ke kawo kaushin harshe ga wanda komai ya taru a wuyansa. Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen rubuta manhaja na Python, da kansa ya sauka daga jagorancinsa a 2018 bayan zazzafar muhawara kan wata shawarar sauyi a harshen mai suna PEP 572, aka koma zaɓen majalisar mutum biyar. Ku same shi a keɓe, cikin girmamawa, ku nuna masa cewa raba ikon karɓar gyara sauƙi ne gare shi. Ita kuwa 'yar uwar, wani ya tuntuɓe ta yau, ya duba gyaranta da idon basira, ya ba ta haƙuri.

Amsa ta uku: Ba sai kun ƙirƙiro doka daga tushe ba. Akwai Contributor Covenant, wata shiryayyar dokar mu'amala ta ayyukan manhaja, wadda aikin manhajar Linux ma ya ɗauka a 2018, kuma ta tanadi matakai daga gargaɗi zuwa dakatarwa da kora. Idan shugaban ya ƙi sam, lasisi ya ba ku damar ɗaukar kwafi ku ci gaba da kanku, kamar yadda aikin io.js ya ɓalle daga manhajar Node.js a 2014 kafin su sake haɗewa a 2015. Amma kada ku ambaci wannan a zamanku na farko da shi.