An ce na warke daga kansar mama amma jikina ya ƙi dawowa, ko akwai wadda ta shiga irin wannan?

Maman Sadik:
Salam 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Bara aka cire min mama ɗaya, na yi kemo wato maganin kansa mai ƙarfin nan, na yi gashi wato haska wurin da na'ura, yanzu sai ƙwayar tamoxifen kullum da zuwa ganin likita. Kowa murna yake an gama, ni kuma wallahi ko shara na yi sai na zauna ina haki, bacci ba ya wartsakar da ni, cikin dare kuma wani zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska in jiƙe sharkaf in tashi canza riga, ga al'ada ta ɗauke tun lokacin kemo alhali ban kai 45 ba, ga saurin fushi ko yara suka yi magana sai in ji kamar in yi kuka. Dangin miji har sun fara cewa son jiki ne tunda ai gashin kai ya fito. Ina tunanin in ajiye ƙwayar nan in huta.

Hajiya Ta Sama:
Sannu ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Dan girman Allah kar ki ajiye ta da kanki. Ni na riga ki shiga, kuma ƙwayar takan kawo zafin nan, don aikinta kenan ta tare sinadarin mata da irin wannan kansar ke ci ta girma, shi ya sa jiki ke yin kamar na wadda ta daina haila. Shekara 5 ake sha wasu har 10, kuma ita ke rage haɗarin dawowar ciwon. Ni abin da ya taimake ni kayan auduga marasa nauyi, ruwan randa kusa da gado, na rage yaji da shayi mai zafi da daddare, sai mafici don kin san wuta ba tabbas, watan Afrilu kam sai haƙuri. Masu cewa son jiki kuwa, ran asibiti ki ja maigidan ku shiga tare ya ji daga bakin likita, maza sun fi jin ta haka.

Nas Ummi:
Wa alaikumus salam Maman Sadik. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Gajiyar bayan kemo da gashi sananniya ce, takan ɗau watanni wasu har shekaru, amma kar a ɗora mata komai ba a duba ba. Ki nemi a auna yawan jininki, a duba maƙoƙo wato tayirod, da suga, in akwai hali har bitamin D, don ƙarancin jini kaɗai ya isa ya sa hakin nan. Kuma tunda kin ambaci haki ki faɗa musu, wasu magungunan kemo kamar jan nan doxorubicin suna iya taɓa zuciya.

Abin da mutane ba sa yarda da shi, kwanciya ba ta maganin wannan gajiyar, motsa jiki ne ya fi aiki. Ana so a kai minti 150 a sati amma ki fara da minti 10 bayan asuba ko da zagaya tsakar gida ne ki riƙa ƙarawa. Zafin kuma in ya hana ki bacci akwai magani wanda ba na sinadarin mata ba, likita zai rubuta, kar dai ki saya da kanki a kemis don wasu magungunan damuwa irin su paroxetine suna rage ƙarfin tamoxifen.

Abin da ba a jira da shi: zubar jini ta gaba ba lokacinsa ba, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, numfashi ya sarƙe farat ɗaya, ko ciwon ƙashi da ya ƙi tafiya. Nan take asibiti. Sannan ɗaukewar al'ada ba ta nufin ciki ba zai shiga ba, ƙwayar kuma tana cutar da ɗan tayi, ku yi maganar tazarar haihuwa da likita, banda ƙwayar tazara da allura da na sawa a hannu.

Bintu Maradi:
Ni abin da ba wanda ya faɗa min shi ne bushewar gaba, kunya ta hana ni tambaya har abin ya so taɓa aurena. 'Yan uwa suka yi ta kawo min kayan mata, su tsumi su matsi, likitata ta ce in bari tunda ba a san me aka zuba ciki ba, in akwai sinadarin da ake yaƙa an koma gidan jiya. Man shafawa mai ruwa-ruwa na kemis ta ce in saya, ba tsada, kuma ya yi. Fushin da kukan ma ki faɗa musu, ba raunin imani ba ne.

Maman Sadik:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Bintu kamar kin shiga zuciyata, wannan ɗin ne na kasa rubutawa. Ƙwayar zan ci gaba insha Allah, gwajin jinin kuma zan nema wannan zuwan. Nas Ummi saura azumi, in sha ta da sahur ko bayan buɗa-baki?

Nas Ummi:
Sau ɗaya ce a rana, ki zaɓi ɗaya ki tsaya a kai. In kin ga zafin ya fi damunki da dare gwada sahur. Azumin kansa kuma ki bari sakamakon jinin ya fito tukuna ki ji ta bakin likitanki.