Jera takalma a dandali don nuna adawa da yaƙi: ta ina ake farawa?

Mai_Burushi:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu zane na so ta nuna adawa da yaƙi a bainar jama'a, amma ba da maci da ihu ba. Shawarar da ta fi rinjaye ita ce mu jera takalman yara ƙafa 500 a dandali, kowace ƙafa a madadin yaro guda da aka kashe. Wasunmu kuma na so a ƙara da babban ƙyalle mai rubutu, da dare kuma a haska saƙo a jikin gini. Don Allah masu sani, wane girman fili ake buƙata, mutum nawa, kuma me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Tsohon_Masassaƙi:
Wa alaikumus salam. Kun zaɓi hanya mai kyau, kuma an gwada ta an ga tasirinta. A ranar 6 ga Afrilun 2012 an jera jajayen kujeru 11,541 a babban titin Sarayebo, babban birnin Bosniya, tsawon kusan mita 800, kowace kujera a madadin mutum ɗaya da aka kashe lokacin da aka yi wa birnin ƙawanya. Guda 643 daga ciki ƙanana ne, na yara, kuma wajensu mutane suka fi tsayawa suna ajiye furanni da kayan wasa. A Maris ɗin 2022 ma an jera keken jarirai 109 babu kowa a ciki a dandalin birnin Lviv na Yukiren. Abin da ya ba ayyukan nan ƙarfi shi ne layi ya miƙe sak, har ido ya iya ƙirgawa. Takalman da aka watsa barkatai kuwa, mai wucewa zai ɗauka gwanjo ake yi.

Ga lissafin, ɗan'uwa. Ku bar tazarar santimita 60 tsakanin ƙafa da ƙafa ta kowane ɓangare. Layi 20, kowane layi ƙafa 25, ya ba ku 500 cif, fili kuma mita 12 a faɗi, 15 a tsawo. Ku ƙara mita 2 a kewaye don masu kallo, sannan ku tsaga hanya mai faɗin mita ɗaya da rabi a tsakiya, don mutum ya shiga ciki ya tsaya takalma sun kewaye shi. Wannan hanyar kada ku yi rowarta, a nan aikin yake kama zuciya.

Kada ku tsaya auna kowane gurbi da tef a wurin. Tun a gida ku yanki igiya mita 15, ku yi mata ƙulli a kowane santimita 60. Mutum biyu su ja ta ta miƙe, na uku ya bi yana ɗiga alli a gindin kowane ƙulli, sai a matsa gaba. Ku tabbatar kusurwar farko ta tsaya daidai: ku auna mita 3 a gefe ɗaya, 4 a ɗayan, tsakanin ƙarshensu ya zama 5. In aka yi sake a nan, kafin a kai layi na goma komai ya karkace, kuma a hoto ne karkatar take fitowa fili. Zanen alli zai ci kamar awa ɗaya, jerawa kuma mutum goma za su gama cikin rabin awa, muddin an riga an ɗaure hagu da dama wuri guda an zuba su ashirin da biyar-biyar a buhu, buhu ɗaya layi ɗaya.

Uwar_Dandamali:
Malam ya gama magana a kan fili. Ni abin da ya fi damuna shi ne lambar nan 500. Daga ina ta fito? In an zaɓe ta ne don ta yi daɗin faɗa, to ku sake tunani, domin wanda ba ya son saƙonku ba zai yi jayayya da takalma ba, lambar zai kama. Ku ɗauko adadin daga majiya guda da za ku iya ambata, ku rubuta a ƙaramin allo: adadi kaza, daga rana kaza zuwa rana kaza, in ji wane. In ainihin adadin ya fi ƙarfin abin da za ku iya tarawa, ku faɗa ƙarara cewa kowace ƙafa na wakiltar yara goma ko ashirin. Ku kuma tuna adadi na ƙaruwa muddin yaƙi bai tsaya ba. Masu adawa da yaƙin Iraƙi sun fara jera takalman soja 504 a Chikago a Janairun 2004, zuwa 2007 sun haura 3,000, har ɗaukarsu daga gari zuwa gari ya zama babban aiki.

Batun sunaye kuma, ni ban goyi bayan a liƙa sunan yaro ba sai da yardar iyayensa, ko kuma sunan na cikin jerin da aka riga aka wallafa. In babu, shekaru kaɗai sun wadatar. Kati mai ɗauke da "shekara 4" a kan takalmin da bai kai tafin hannu ba ya isa. Ku rubuta da tawadar da ruwa ba ya wankewa, ku ɗaure katin da zare. Gam ko salatif na sakewa in rana ta yi zafi.

Sai doka. Ku nemi izini a rubuce, ku bayyana abin da za ku ajiye da sa'ar kwashewa, ku riƙe kwafi biyu a hannun mutum ɗaya da aka wakilta ya yi magana da jami'ai. Kowa ya san abin da zai iya biyo baya kafin ya sa hannu a aikin, don ƙanƙantar aiki ba ta kare mai shi. Sasha Skochilenko, mai zane a birnin San Fitasbag na Rasha, ƙananan takardun farashi biyar kawai ta musanya a kanti da saƙon adawa da yaƙi a 2022. An yanke mata shekara bakwai a Nuwamban 2023, sai a musayar fursunoni ta Agustan 2024 ta fito. Duk wanda takardun zamansa ba su da ƙarfi, ko yake da wata shari'a a kansa, a ba shi aikin gida, kada ya fito a hoto.

Mai_Majigi:
Bari in taɓa ƙyalle da haske. Ƙyalle mai mita 6 da ɗaya da rabi murabba'in mita 9 ke nan. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa na tura kowane murabba'in mita da nauyin kusan kilo 7, wato sama da kilo 60 a hannun mutum biyu. In gudun iskar ya ninka, nauyin sau huɗu yake ƙaruwa, shi ya sa sanda ke karyewa farat ɗaya. 'Yan tsage-tsagen da ake yi a jikin ƙyalle kaɗan suke ragewa. Gara yadi mai raga-raga, ko a raba saƙon gida uku kowanne da masu riƙonsa. Tsawon harafi kuwa, santimita biyu da rabi ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu: daga mita 30, harafi ya kai santimita 25.

Majigin ofis ba zai yi muku komai a jikin gini ba. Ku nemi mai ƙarfin lumen (ma'aunin ƙarfin haske) 10,000 ko fiye, bango mai hasken fenti wanda ba gilashi ba, kuma nesa da fitilun titi. Farin rubutu mai kauri, bayansa baƙi, kalma biyar zuwa bakwai. In kuka ninka faɗin hoton, haskensa zai koma kashi ɗaya cikin huɗu, don haka kada kwaɗayin girma ya ja ku. In mai ƙwai ne, kada a zare wuta sai fankarsa ta tsaya, in ba haka ba ƙwan zai lalace.

Amma gaskiya, a ganina ku bar majigin zuwa wani karo. Takalman shiru suke so, ƙarar janareta za ta kashe shi.

Mai_Burushi:
Allah ya saka da alheri. Mun ajiye majigin. Saura hoto da kwashewa, yaya ake yi?

Tsohon_Masassaƙi:
Ku nemi wurin ɗaukar hoto kafin ku ɗiga alli ko ɗaya, don shi zai nuna muku inda layuka za su fuskanta. A Satumban 2013 an zana siffofin mutum 9,000 a yashin gaɓar tekun Aromanshi ta Faransa, cikin 'yan sa'o'i ruwa ya taso ya shafe su, hotunan da aka ɗauka daga sama ne suka rage. Bene hawa na biyu ko na uku ya ishe ku, a nemi yardar mai ginin tun da wuri. Hoto na biyu kuma mai ɗauka ya durƙusa, kyamara dab da ƙasa, takalmi ɗaya a gaba sauran na bi a baya. Ku yi da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da kowane takalmi ke da inuwarsa. Da rana tsaka komai shafewa yake yi.

Wajen kwashewa, layi ɗaya ya koma buhunsa, a ƙirga 25 kafin a ɗaure. Abin da mutane suka ajiye, fure ko wasiƙa, a sa shi a kwali daban, kada ya shiga shara a gaban wanda ya kawo shi. Ku shirya tun farko da wata ƙungiyar agaji da za ta karɓi takalman da ke da sauran amfani. Sai bokiti biyu na ruwa da tsintsiya don goge allin, a ɗauki hoton filin fes kafin a tafi, saboda ranar da za ku koma neman izini na biyu.