Masu jinyar mai ciwon daji: an taɓa gudun majinyacinku saboda gashin na'ura?

Maman Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayata ta fara zuwa gashi, wato haska ciwon daji da ake yi a asibiti, saboda sankarar mama. Tun daga lokacin surukarta ta hana yara hawa cinyarta, wai hasken yana fita daga jikinta. Har kwanonta an ware. Ran nan na tarar da ita a bakin ƙofa tana cin tuwo ita kaɗai, hawaye na zuba. Don Allah waɗanda suka taɓa wannan jinya, me likitoci suka gaya muku?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam, Allah ya ba ta lafiya. Mahaifina a wuya aka yi masa, Litinin zuwa Juma'a. Na tambayi ma'aikaciyar da ke kwantar da shi, ta ce hasken daga na'ura yake fitowa, ya ratsa jiki ya wuce, da an kashe na'urar babu abin da ke saura a jikinsa. Kwano ɗaya muka ci gaba da ci. Abin da ya wahalar da shi shi ne gyambon baki, sai koko da kunu kawai yake iya sha, gemunsa kuma ya zube a gefen da ake haskawa kaɗai.

Malamin Kimiyya: Ni ma na yi jinyar ƙanena, kuma wannan gyambon bakin yana da dalili. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai DNA, wato kundin bayanan ƙwayar, wadda sai an kwafe ta kafin ƙwayar ta rabu biyu. Hasken yana tsinka DNA ɗin. Ƙwayoyin da ke yawan rabuwa su suka fi jin jiki: na ciwon dajin, amma har da na fatar cikin baki da saiwar suma. Shi ya sa ake raba gashin kaɗan-kaɗan cikin makonni, don lafiyayyun ƙwayoyi su samu sararin gyara kansu, su kuwa na dajin ba su iya gyaran sosai ba. Tsofaffin na'urori suna amfani da wani ƙarfe mai suna kobalt-60, wanda cibiyar atam ɗinsa ba ta da natsuwa, tana rushewa tana fitar da wani haske da ake kira gamma, kuma ƙarfinsa kan ragu da rabi duk bayan shekara 5 da 'yan watanni. Amma kobalt ɗin a kulle yake cikin kan na'ura, ba ya shiga jikin kowa. Sababbin na'urorin ma da lantarki suke haɗa hasken.

Hajiya daga Maraɗi: Ku dai bambance, 'ya'yana. Ni ƙwayar aidin-131, wani sinadari mai fitar da hasken, aka ba ni na haɗiye saboda ciwon tayroyid ɗin wuya, to nan kam sinadarin yana cikin jiki. An keɓe ni a ɗaki, aka ce in yawaita shan ruwa don ya fita ta fitsari, in nisanci ƙananan yara da masu juna biyu na wani ɗan lokaci. Likita ya ce kowane kwana 8 rabinsa ke rushewa. Da wa'adin ya cika na rungumi jikokina. Ki tambaya wanne ake yi wa yayarki.

Maman Yara: Na na'ura ne, Hajiya, ba ta haɗiyi komai ba. Jibi in Allah ya yarda da surukar tata za mu tafi asibiti, ta ji daga bakin likita da kunnenta.