Bankina ya ƙi daidaita, in rufe akawun ɗin in koma wani ko in ƙara haƙuri?

Malam_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar banki a taimaka mini da shawara. Tunda bankin da nike ajiya sunka turo saƙo wai za su canza na'urar da ke riƙe da lissafinsu, aikin ƙarshen mako ne kawai, har yau abin bai koma daidai ba. App ba ya buɗewa, in ma ya buɗe sai ka ga balans sifili gabanka ya faɗi, kod ɗin USSD kuma sai dai ya yi ta juyawa ya mutu. Na tura ma wani mai wake a Kasuwar Daji kuɗinshi, ni an yi mini debit shi bai ga alat ba, yanzu bawan Allah nan kallon maƙaryaci yake mini kuma ban ga laifinshi ba. Reshensu na nan Gusau kuwa maigadi ke rabon lamba a bakin get tun da sassafe, ka sha rana ka shiga a ce maka ka ƙara haƙuri injiniyoyi suna kai. Matsalar nan ne albashina ke shiga, nan kuma abokan cinikina na Ibadan ke turo kuɗi. In rufe shi in huta ne? Kuma ta ina zan fitar da abin da ke ciki tunda tiransfa ba ta tafiya?

DanMafara_POS:
Wa alaikumus salam malam. Kar ka rufe wlh, in ka rufe ina kuɗin mai waken nan za su dawo in an yi rivas? Buɗe wani kawai yau ɗin nan, BVN ɗinka guda ne a duk bankunan ƙasar nan, ba sai ka yi sabo ba. Amma ka kai shi matakin sama tun farko, don ƙaramin akawun da ake buɗewa a waya yana da iyaka, dubu 50 a rana kuma ba ya riƙe abin da ya wuce dubu 300, in ɗan Ibadan ya turo maka miliyan sai ta maƙale ka shiga wata sabuwar rigimar. Ka haɗa NIN da shaidar adireshi su ɗaga maka shi. Zancen fitar da kuɗi kuma, mu da ke kan teburin POS mun lura wani lokaci app na kwance amma katin na aiki, musamman bayan sallar asuba kafin mutane su yi yawa. Ka fara gwadawa da dubu ɗaya, in ta fita ka ƙara, kar ka yi gangancin danna babban kuɗi lokaci guda. In kati ya ƙi sai dai ka je kanta cikin banki, ka cika takardar cire kuɗi ka amshi tsaba.

Tsohon_Akanta:
Ɗana, abin da na sama ya faɗa gaskiya ne, bari in ƙara maka kan kuɗin da sunka maƙale don nan mutane ke sakaci. Ƙorafin baki a gaban kanta ba ƙorafi ba ne. Ka rubuta takarda, ka sa ranar da ka tura da adadin da lambar akawun ɗin mai karɓa, ka yi kwafi biyu su buga maka hatimi a naka, kuma ka ce su ba ka lambar ƙorafin. Ka nemi session ID na tiransfar, wata doguwar lamba ce mai lambobi 30, da ita bankin mai waken zai duba ya gani ko kuɗin sun iso wajensu ko suna hanya. Ka tura mishi ita ma, ko ba komi hankalinshi ya kwanta ya san ba wasa kake mishi ba. Doka ta ba banki sati biyu ya warware ƙorafi, in sun wuce haka kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu ajiya na CBN, kuma abu na farko da za su tambaye ka shi ne shaidar cewa ka fara kai wa bankinka. Ka ga amfanin hatimin ke nan.

Albashi kuwa ba kai ke canza shi da bakinka ba, sai ka rubuta ma sashen kuɗi na wurin aikinka, kuma galibi za su ce ka kawo takarda daga tsohon bankin mai nuna ba su bin ka bashi. Ka yi saurin kai wa kafin a rufe jadawalin biyan watan, in ba haka ba na wannan watan ma can zai faɗa. Sannan duk ranar da Allah Ya sa na'urarsu ta farfaɗo, kafin komi ka ciro sitetmen na wata shida ka bi shi layi-layi. Lokacin canjin na'ura irin wanga ana samun cire kuɗi sau biyu a kan ciniki guda, kuma ba kowa ke lura ba.

Maman_Ilham_Kaura:
Ni dai Malam tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 na raba gari da dogaro da banki ɗaya, lokacin da muna ji muna gani kuɗinmu na ciki amma ko na cefane ba mu iya cirewa, su OPay da Moniepoint ne sunka rufa muna asiri a shago, kafin mai saye ya mai da wayarshi aljihu alat ya shigo. Yanzu duk masu sayen atamfa can nike ba su. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne ɓarayin waya, don irin wanga lokaci ne kakarsu ke yanke saƙa. Maƙwabciyata an kira ta da murya mai daɗi wai daga hedikwata ne za a gyara mata akawun saboda matsalar netwok, har sunanta cikakke ya faɗa mata, ta karanto mishi lambar da ta shigo wayarta, kafin la'asar an share kuɗin adashen mata da ke hannunta. Banki ba ya tambayar PIN ko OTP, ko wa ya kira ka kashe wayarka.

Bn_Tsafe:
Hajiya ki yi haƙuri amma ban goyi bayan ya kwashe komi ya zuba a bankunan waya irin su OPay ba. Na ciniki na yau da kullum e, amma jari? Ki tuna Satumbar 2021 da anka kashe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya, mutane har Funtua suke tafiya don su samu sabis, ran nan wanda bankinshi ke da reshe shi ke da inda zai je ya tsaya ya yi magana da mutum. Kuma a duba inshorar NDIC, hukumar da ke biyan masu ajiya in banki ya durƙushe: tun 2024 miliyan 5 ce ga mai ajiya a babban banki, miliyan 2 a bankin microfinance, to mai harkar hatsi da kuɗi ke taruwa hannunshi lokacin kaka ya san inda zai aje nawa. Da CBN ta soke lasisin bankin Heritage a watan Yunin 2024, ta BVN NDIC ta bi ta tura ma mutane kuɗinsu a ɗayan akawun ɗinsu, masu guda ɗaya tal su ne sunka sha zirga-zirgar cike fom. Ni shawarata babban banki na biyu, sannan na waya ɗaya. In kana ƙyamar kuɗin ruwa ga irin su Jaiz.

Malam_Tudunwada:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba Akanta akwai sauran bashin albashi da na ci wajensu bara, bai ƙare ba. Ke nan ba damar in mai da albashin wani wuri?

Tsohon_Akanta:
To a nan sai ka bi a hankali. Da wuya su ba ka waccan takardar sai ka biya saura, kuma ko ka samu hanya ka zame, akwai tsarin GSI da CBN ta fara tun 2020, wanda ka sa ma hannu cikin takardun bashin ko ba ka karanta ba, in ka daina biya suna iya bin BVN ɗinka su cira daga duk bankin da kake da kuɗi. Ka bar albashin nan har bashin ya ƙare, in ya shigo sun cire nasu ka kwashe sauran. Cinikin wake shi za ka mayar sabon akawun tun yanzu, ka kira mutanen Ibadan da bakinka ka gaya musu, don in saƙo kawai sunka gani da sabuwar lamba za su ɗauka 'yan damfara ne. Ka kuma duba ranar da suke cire kason wata, in na'urarsu ta kasa cirewa ka je ka biya a kanta ka amshi rasit, kar su zo daga baya su ɗora maka tarar jinkiri.