Neman kalma: wane suna za mu ba furen amarilis da abin da ake binnewa ya tsiro?

Mai neman kalma, Tudun Wada, Jos:
Assalamu alaikum. Ina haɗa 'yar takarda ta koyar da rainon fure a tukunya don matan unguwarmu, sai kalma biyu suka gagare ni. Ta farko sunan furen nan da masu sayarwa a bakin titi ke kira amarilis: ja wur, mai dogon kara, wanda yakan buɗe fure huɗu a kai ɗaya, kowanne ya juya gabarsa kamar lasifikar masallacin Juma'a. Ta biyu sunan dunƙulen da ake binnewa, wanda Bature ke kira "bulb". Manhajar fassara ta waya ta ce mini wai "ƙwan fitila". Ba zan ce wa iyayenmu mata su binne ƙwan fitila su riƙa ba shi ruwa ba. A taimaka.

Mai lambun fure, Rayfield:
Wa alaikumus salam, Malama. Mu a lambu albasa muke cewa, kuma ba a taɓa samun mai saye da ya kasa ganewa ba. In kin tsaga ta za ki ga ɓawo kan ɓawo, saiwa a gindi, toho a tsakiya. Abincin da ganye ya tara ne a ciki, shi ya sa take iya fitar da fure tun ba ta da ganye ko ɗaya. Dankali da gwaza ba haka cikinsu yake ba, kar a haɗa su suna ɗaya.

Wata uwa, Anguwan Rogo:
Ni sunan nan bai kwanta mini ba. Abin nan guba ne, yana sa amai da gudawa, ga yara ga kyanwa ga akuya. A gidan da ake aika yaro ya ɗauko albasa a kwando, me ya sa za mu kira guba albasa?

Tsohon malamin Hausa, Bukur:
Hajiya, tsoronki na kan hanya, amma kakanninmu sun riga mu tunanin. Ai akwai albasar kwaɗi, akwai albasar kura. Duka a daji suke, duka ba a ci, kuma ba ki taɓa jin wadda ta yanka albasar kura a miya ba. Bahaushe in ya ga abu mai kama da abinci wanda ba abinci ba, sai ya bar masa sunan ya jingina shi ga wani. Jinginawar ita ce gargaɗin. Don haka ina ba da shawarar albasar fure. Albasa tsurarta ta madafa ce. Da an ce "ta fure" an fitar da ita daga tukunyar miya. Malama ta ƙara layi ɗaya a takardarta cewa ba a ci, kuma a ajiye ta nesa da kwando, shi ke nan.

Wata uwa, Anguwan Rogo:
To Malam, na sakar maka. Amma a rubuta gargaɗin da manyan baƙi.

Mai neman kalma:
Za a rubuta, Hajiya. Albasar fure ta zauna. Saura sunan furen kansa. Ko mu bar shi amarilis kawai, tunda mun ari tumatir da kabeji ba abin da ya same mu?

Ɗalibin aikin gandun daji, Jos:
Anti, aro ba laifi ba ne, amma wannan sunan ko a wurin masu shi ba nasa ba ne. Abin da ake sayarwa a nan sunansa na kimiyya Hippeastrum, asalinsa nahiyar Amurka ta Kudu da ta Tsakiya, musamman Brazil da Peru da Bolibiya. Wani Baturen Ingila, William Herbert, shi ya raɗa masa wannan suna a 1821, daga kalmomin Girkanci masu nufin tauraron barde. Amarilis na ainihi wani tsiro ne dabam, ɗan Afirka ta Kudu, furensa ruwan hoda. Masana sun daɗe suna jayayya kan wanne ne mai sunan, sai a 1987 babban taronsu ya bar wa na Afirka ta Kudu. 'Yan kasuwa ne dai suka ƙi sakin tsohon sunan, har masu lambunan Holan da ke fitar da manyan irin nan. Hanya mafi sauƙi ta bambanta su: karan namu rami ne a ciki, na wancan a cike yake. In mun ara, kuskuren wasu muka ara.

Akwai ƙaramin irinsa mai ja-ja ruwan lemo da ya daɗe a tsofaffin gidaje, wanda masu Turancin ƙasar nan ke danganta shi da hunturu saboda a rani yake fure. Me zai hana mu ce furen hunturu?

Tsohon malamin Hausa:
Ɗana, gurjiya fa? Minjirya fa? Su ma a rani suke zubar da ganye su yi jan fure, kuma sun riga shi zama a ƙasar nan. In ka ce furen hunturu, mutumin karkara bishiya zai ɗaga kai ya nema.

Mai neman kalma:
Albasar hunturu fa, Baba?

Ɗan kasuwar gwari, Farin Gada:
Haba Hajiya! Ki zo kasuwa ki ce a ba ki albasar hunturu, buhu za a ɗora miki a Keke. Ai lokacin ne ake noman ta ci a fadama. Wannan kam shi ne sunan da zai kai guba madafa.

Tsohon malamin Hausa:
Ya yi gaskiya. Bari in kawo wanda na san za a yi mini ca a kai: gadali. Duk wanda ya san gadali ya dubi wannan tsiro, albasarsa da dogon ganyensa mai santsi, zai ce ɗan'uwansa ne.

Ɗalibin aikin gandun daji:
Dangi ɗaya ne kuwa, Baba. Albasar kwaɗi ma cikinsu take, har albasar ci masana yanzu sun shigar da ita wannan babban gida.

Wata uwa, Anguwan Rogo:
Malam, so kake a ce matan Tudun Wada sun buɗe ajin koyon shuka gadali? Kafin la'asar an kai wa mazajensu labari cewa mallaka ake koyarwa.

Mai neman kalma:
Wallahi dariya ta hana ni rubutu. Amma ni sunan ya kama ni, in an ƙara masa kalma ɗaya: gadalin ado. Yadda "fure" ta fitar da albasa daga miya, haka "ado" za ta fitar da gadali daga hannun boka. Kuma na fi son sa a kan a ce jan gadali, domin akwai fari, akwai mai ratsin ja da fari. In ana son bambantawa sai a ce jan gadalin ado. Abin da ya fi ja na shi ne, wadda ta ji gadali ta san ba a ci, ta san yana mutuwa a sama ya dawo daga ƙasa. Wanda ya ji amarilis bai san komai ba sai an yi masa bayani.

Wata 'yar kalma kuma: littattafan lambu na ce masa "tender". Na ga an fassara da "mai laushi", amma ba laushi ake nufi ba.

Mai lambun fure:
Raki ake nufi, Malama. Mai rakin sanyi. A Turai in ƙanƙara ta sauka a kansa ya mutu, shi ya sa suke shigar da shi ɗaki. Mu nan, duk da tsayin Jos ya kai wajen mita 1,200 kuma jaurar Disamba da Janairu tana sa mutum rawar ɗari, ruwa ba ya daskarewa, yana kwana a waje lafiya. Abin da ke kashe shi a garin nan ruwan Yuli da Agusta ne. Ki rubuta musu haka: tukunya mai huji a gindi, wadda ta ɗan fi albasar faɗi kaɗan, don ya fi yin fure in yana a matse. Ƙasa a gauraya da yashi da takin shanu da ya ruɓe sosai. Kar a binne duka. Kashi ɗaya cikin uku na sama ya zauna a waje, kuma kar a zuba ruwa a cikin wuyanta. Ruwa kaɗan-kaɗan har sai kara ya leƙo. Daga dasawa zuwa fure sati shida ne zuwa takwas, kuma a riƙa juya tukunyar don karan na bin haske yana karkacewa.

Inda mutane suka fi yin ɓarna shi ne bayan furen ya bushe. Sai su ga ganye kawai ya rage, su sa wuƙa su aske shi kamar lawashi. Karan za a yanke, ganyen a bar shi ya sha rana duk damina, shi ne ke cika albasar don baɗi. Da ruwa ya ɗauke a Oktoba sai a daina ba shi, ya huta kamar wata biyu, sannan a koma. 'Ya'yan da ke fitowa a gefe a cire su a dasa dabam, amma a yi haƙuri, sai sun shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure.

Mai neman kalma:
Allah ya saka da alheri. Ga abin da zai shiga takarda: albasar fure, gadalin ado, mai rakin sanyi. A layin farko zan ambaci amarilis sau ɗaya don wadda za ta je saye ta san abin da za ta ce wa mai sayarwa.

Wata uwa, Anguwan Rogo:
Biyu na yarda. Gadalin nan dai, ku fara gwada shi a bakin surukanku, in ya wuce lafiya ku zo ku ba ni labari.